Wa'adin da Malam Jadawali Ya Ƙara

Malam Jadawali ba shi ya zaɓar wa kansa wannan suna ba. Ɗalibai ne suka laƙaba masa, don duk abin da ka kai gabansa, ko rigimar gado ce, sai ya ɗauki alli ya tsaga shi layi-layi, gida-gida, sannan ya ce to yanzu a fara magana. Tun yana ƙarami haka yake. Mahaifinsa kayan gyaran mota yake sayarwa a wani shago mai zurfi kamar rijiya, cike da noti da ƙusa da wayoyi, amma ba a taɓa ganin abin da ake nema sai mai saye ya yi fushi ya tafi. Jadawali ya girma yana jin haushin wannan abu fiye da yadda yake jin yunwa. Da ya shiga jami'a ya tarar akwai ilmi sukutum wanda aikinsa kenan, a ajiye abu inda za a same shi, sai ya zauna a wurin bai ƙara motsawa ba. Ya yi digiri, ya ƙara, ya sake ƙarawa, gashi ya zube, tumbi ya fito, yana nan a sashen kimiyyar kwamfuta yana koya wa 'yan ajin ƙarshe darasin rumbun bayanai.

To, amma rabin darasin ne nasa. Shi ke da farkon zango: yadda ake tsara bayanai kada a rubuta abu ɗaya a wuri biyu, yadda ake ba kowane layi mabuɗinsa, yadda ake yi wa rumbu fihirisa don kada a wuni ana lalube. Rabi na biyu, wanda ɗalibai ke kira rabin ciwon kai, na abokinsa ne, Malam Sakata. Shi ke koyar da abin da ke faruwa idan mutum dubu suka auka wa rumbu a lokaci guda, kowa yana son taɓa layi ɗaya. Wa zai shiga, wa zai jira, wa za a kora. Kullum maganarsa a sa wa layi sakata kafin a taɓa shi, shi ya sa sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma idan ya ba ta haushi da shi take kiransa.

Ofis ɗaya suka zauna shekara ashirin da ɗoriya. Tebur biyu suna kallon juna, fanka mai kuka kamar an taka mata ƙafa, da butar shayi ta lantarki wadda aka naɗe igiyarta da salatif har an manta launinta na asali. Teburin Jadawali kamar ɗakin tiyata. Na Sakata kamar an yi gobara an kashe ba a share ba. Jadawali gajere ne mai jiki, Sakata dogo siriri, idan sun jero a baranda sai ka ce tulu da muciya ne suka fito shan iska. Kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin sun gaisa gaisuwar mutunci.

"A'a, kana nan da rai?" in ji Jadawali da safe.

"Ina jira in ga bayanka tukuna. Matsa da tumbinka in wuce."

Sau ɗaya a shekara suke haɗuwa a gaban aji, ranar da ɗalibai ke kira wasan kujeru. Har waɗanda suka gama suka kama aiki sukan nemi uzuri su leƙo. A ɗakin kwamfutoci ake yi. A ajiye kwamfuta biyu a gaba, majigi ya haska fuskokinsu a bango gefe da gefe. Malaman biyu su zama masu yankan tikiti a tashar mota, kowa da tagarsa, amma rumbu ɗaya suke aiki da shi. Kujera biyu suka rage a motar, ta jikin taga da ta kusa da ita, kuma wai kowannensu yana da mata da miji a gabansa da suka rantse sai sun zauna tare. Jadawali ya riƙe kujerar taga ya sa mata sakata. Sakata ya riƙe ta kusa da ita. Jadawali ya nemi ta hannun Sakata, rumbu ya ce masa jira, kwamfutarsa ta tsaya cak. Daga nan Sakata ya nemi ta hannun Jadawali. Shi kenan an yi cirko-cirko, kowa ya riƙe abin da ɗan'uwansa ke jira, ba mai saki. Rumbu da kansa yake gane an sarƙe, ya zaɓi ɗaya ya yi waje da shi, ya warware duk abin da ya yi, ɗayan ya kwashe kujerun biyu.

Karatun kenan. Amma abin da ke cika ɗaki shi ne bakinsu.

"Saki kujerata, ɓarawon zaune!"

"Ka ga sunan kakanka a jikinta? Fasinjana tsohuwa ce, ƙafarta na ciwo."

"Tsohuwar taka ta hau rufin mota, iska ta yi mata magani."

Yara su yi ta kwasar dariya, suna musu a kan wa rumbu zai kora bana. Wanda aka kora ya tashi yana kakkaɓe riga, yana cewa zai ɗaukaka ƙara. Ba ɗalibin da ya taɓa faɗuwa tambayar cirko-cirko a jarrabawa, ko da kuwa sauran takardar tasa fayau take.

Lokacin da matar Jadawali ta rasu, ya kulle kansa a gida ya daina zuwa aiki. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa da murya ƙasa-ƙasa suna ba shi haƙuri. Da abin ya yi tsawo, Sakata ya zo, bai zauna ba, ya buɗe labule ya ce gidan na warin tsohon takalmi, ya ce yara sun rubuta sunan mutum ɗaya a jadawali huɗu saboda malaminsu ya zama katifa. Ya jefa masa riga a fuska ya ce yana jiransa a mota. Jadawali ya zage shi tas, sannan ya sa rigar. A hanya ne ya yi kukan da bai yi ba tun farko, Sakata yana tuƙi bai ko waiwaye shi ba, sai miƙo masa tsumman goge gilashi da ya yi.

Shi Sakata kuma nasa ya zo ne ranar wata Talata da hantsi, a ofis. Yana zuba shayi, butar ta kuɓuce. Jadawali ya buɗe baki zai ce tsufa ya zo, sai ya ga gefen bakin abokinsa ya zame ƙasa kamar kyandir a rana. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta bi shi, harshe ya yi nauyi. Ya daɗe a asibiti yana kallon mutane da ido, kalma ta ƙi fitowa. Uwargidansa ta yi ta roƙonsa ya kira sunanta, 'ya'ya suka yi ta nasu. Ranar da bakin ya buɗe, Jadawali ne zaune a gefen gado yana ba shi labarin yadda ya karɓi rabin darasinsa, yana bayanin sakatar karatu da sakatar rubutu, ya juya su baibai. Sakata ya yi ta motsa leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ce, "Ja... jaki."

Uwargida ta fashe da kuka da dariya a haɗe. "Ni na yi ta jinya, amma kai ka samu kalmar fari! Allah Ya isa tsakanina da ku biyun nan."

Jadawali ya ci gaba da riƙe rabin ciwon kai, yana karanta shi da yamma ya zubar da shi da safe tun bai huce ba. Idan ɗalibi ya yi tambaya mai zurfi sai ya ce tambaya ce mai kyau, a rubuta ta a ajiye wa mai ita. Bai bari an taɓa teburin Sakata ba. Mai shara ta so ta gyara, ya ce idan ta motsa takarda ɗaya ba za a sake gane inda komai yake ba, shi da bai taɓa yabon wannan tarkacen ba.

Zango na biyu da kwanciyar ya yi nisa sai shugabar sashe ta kira shi. Ɗalibarsu ce ta dā, su biyun suka duba aikinta na kammalawa, har yau ba ta iya zama idan suna tsaye. Ta rufe ƙofa da kanta.

"Malam, hutun jinyar Malam Sakata ya zo ƙarshe. Hukumar jami'a ta ce in rubuta, ko zai iya aji ko ba zai iya ba. Idan ba zai iya ba, ritaya ce."

"To ki rubuta zai iya mana. Biro ya ƙare miki ne in ara miki?"

"Malam, sai na gani da idona. Haka ƙa'idar take. Ko darasi ɗaya ne ya tsaya a gaban yara kafin ƙarshen zango, ni kuma in zauna a baya. Wallahi ba na son hannuna ya rubuta ɗayar."

"Tsayuwa kam ba zai yi ba, 'yata. Amma dā ma a zaune muke wasan kujeru."

Da ya kai labari, Sakata yana falo a keken marasa lafiya, an ɗora masa ƙwallon roba a hannun dama wai ya riƙa matsawa. Ya ji, sannan ya nuna kwamfutarsa ta hannu da haɓa. Uwargida ta raka Jadawali bakin ƙofa ta rage murya.

"Malam, ka san abin da ke tashinsa daga gado? Ajin nan. Mai gashin ƙashi idan ya zo sai ya ce masa ɗaga hannu za ka riƙe alli, sannan yake ɗagawa. Idan aka ce masa ba aji, ban san da me zan tashe shi ba."

Daga ranar kullum bayan an tashi aiki Jadawali yana gidan. Su ɗora kwamfuta a kan faranti bisa cinyar Sakata, ya riƙa rubuta umarnin wasan a farin shafi da yatsa ɗaya na hannun hagu. Hannun da dā yake gudu a kan madannai kamar ana zuba tsakuwa a kwano, yanzu ɗan'uwansa ne ke lalube harafi-harafi, ya danna biyu a wurin ɗaya, ya goge, ya sake. Jadawali ya ce a rubuta umarnin tun a gida a ajiye, ranar wasa sai ya danna maɓalli ɗaya kawai. Sakata ya harare shi da idon da ke buɗewa sosai.

"A'a. Hannu."

Gaskiyarsa ce. Mutumin da ya shekara ashirin yana kayar da duk ɗalibin da ya manno abin da bai iya rubutawa ba, ba zai zo ya yi manne a gabansu ba.

Sai dai akwai wani abu a wasan da ba a taɓa lura da shi ba, don hannun Sakata bai taɓa ba shi damar fitowa ba. Rumbu ba ya barin mutum ya jira har abada. Akwai wa'adi. Idan Jadawali ya nemi kujerar hannun Sakata aka ce ya jira, to dole Sakata ya gama nasa umarnin kafin wa'adin ya cika. Idan bai gama ba, rumbu zai yanke jiran, ya rubuta da ja cewa wa'adi ya ƙare, wasa ya mutu tun ba a kai ga cirko-cirko ba, kuma kowa a ɗakin zai san saboda nawar wa. Sakata ne da kansa ya sa wa rumbun koyarwa wannan wa'adi tun shekarun baya, bai cika minti ɗaya ba. Yana sane da shi sarai. Shi ya sa kafin ya fara gwaji yakan ce, "Kai... duba agogo." Idonsa na kan madannai, ba ya iya raba shi biyu.

Jadawali ya riƙa duba agogo. Wa'adi ya wuce, ya sake wucewa, ya ninka, yatsan bai kai rabi ba. Idan Sakata ya gama yana haki sai ya ɗago ya ce, "Wa'adi?"

"Kana ciki, tsoho. Da ƙyar dai, amma kana ciki."

Ya faɗa a ranar farko don kada ya karya masa gwiwa, yana cewa kafin ranar hannu zai saba. Hannu ya ɗan saba, amma ba irin sabon da ake nema ba, maganar kuwa ta riga ta fita, kullum sai an maimaita ta.

Ana gobe wasa, bayan ɗalibai sun watse da rana, Jadawali ya shiga ɗakin kwamfutoci ya zauna gaban rumbun. Wannan ba ɓangarensa ba ne, sai da ya buɗe littafi ya nemo inda ake sauya wa'adi. Ya rubuta lambar da yake ganin za ta isa. Ya tuna ranar da Sakata ya yi tari a tsakiyar gwaji ya manta inda ya tsaya, sai ya ƙara sifili. Ya tuna idon yara yana iya rikita mutum, ya ƙara wani. Ya tuna maganar Uwargida a bakin ƙofa, ya yi ta ƙarawa har ya ji zuciyarsa ta kwanta. Bai tsaya ya lissafa abin da ya rubuta ba.

Ɗakin ya cika maƙil ranar. Da aka turo keken Sakata, yara suka miƙe suna tafi, wasu 'yan mata a gaba suna share ido. Uwargida ta sa masa riga mai guga, ta tsaya a mota ta ce ba za ta iya kallo ba. Shugabar sashe ta zauna a kujerar ƙarshe, takarda a cinya. Majigi ya haska.

Farko ya tafi daidai. Jadawali ya riƙe kujerar taga. Sakata ya ɗauki lokacinsa ya riƙe ta kusa da ita, nan ba mai jiran kowa, aka yi masa tafi. Jadawali ya nemi ta hannun Sakata, kwamfutarsa ta tsaya. Saura umarni ɗaya.

"Saki kujerata!" in ji Jadawali, ya juya ga yara yana jiran dariya. Ya buɗe baki zai ce ɓarawon zaune, idonsa ya faɗa kan ƙafafun keken, kalmar ta maƙale. "Saki mana... Malam," ya ƙarasa.

Bai taɓa kiransa Malam ba. Yatsan Sakata ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

Jadawali ya yi ta cika wuri da surutu. Ya ba da labarin fasinjansa mai buhun albasa. Ya kwaikwayi kukan jariri. Dariyar ta yi ta raguwa har ta zama tari. A bango kowa na ganin haruffa suna fitowa ɗaya-ɗaya, a goge uku a mayar da biyu. Wani ya ja kujera, ƙarar ta cika ɗaki. Gumi ya jiƙa wuyan rigar gugar.

Shirun ne ya sa Sakata ya ɗago kai. Ya dubi agogon bango. Ya dubi gefen Jadawali a majigi, inda har yanzu ake jira lafiya lau, babu ja ko ɗigo. Ya sake duban agogo. Sannan ya sa yatsa a maɓallin gogewa ya riƙe, duk abin da ya sha wuya ya rubuta ya tafi.

"Kai, me kake yi? Ka kusa fa!" in ji Jadawali ƙasa-ƙasa.

Bai kula shi ba. Ya rubuta wani gajeren umarni, wanda ake tambayar rumbu nawa ne wa'adinsa. Lambar ta fito a bango, sifili jere kamar ƙwai a kiret. Wata ɗaliba a layin gaba, irin waɗanda bakinsu ke riga hankalinsu, ta danna wayarta ta ce, "Malam, wannan ai ya fi shekara."

Shugabar sashe ta sunkuyar da kai.

Sakata ya juyo da wuyansa a hankali. "Shekara... ka ba ni?"

"To ai na san halinka ne, ko shayi sai ka..." Jadawali bai iya kai ƙarshen maganar ba. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

Sakata ya mayar da wa'adin yadda ya sa shi tun asali. Wannan ma ya ɗauke shi lokaci, ba wanda ya motsa. Da ya gama ya ce, "Sake."

"Mutumina, bari mu..."

"Sake."

Suka warware, suka sake daga farko. Kujerar taga. Ta kusa da ita. Jadawali ya nemi ta hannun Sakata. Sakata ya sunkuya ya fara. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kowa ya gani, leɓensa na motsi da kowane harafi. Bai kai kalma ta huɗu ba jan rubutu ya fito a gefen Jadawali: wa'adin jira ya ƙare.

Sakata ya janye hannunsa. Ya fuskanci yara, ya tattara numfashi.

"Kun... gani? Haka... ake so. Mai riƙo... ya yi nawa... a sallami... mai jira. Rumbu... mara wa'adi... kowa... zai tsaya." Ya haɗiye yawu. "Ku rubuta."

Suka rubuta. Ba a taɓa jin ƙarar biro a ranar wasan kujeru ba sai ran nan.

Bayan an watse shugabar sashe ta zo ta durƙusa a gefen keken. "Malam, ni dai na ga darasi yau. Na ga malami ya gano matsala ya gyara ta a gaban aji, ya yi bayani. Abin da zan rubuta kenan, kuma ba ƙarya a ciki."

Ya girgiza kai. "Rubuta... na tafi."

"Don Allah Malam. Za mu samo wanda zai riƙa rubuta maka, kai ka yi ta bayani. Za a rage maka awanni."

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna Jadawali, bai dube shi ba. "Shi ma... ya sani."

Jadawali ya so ya ce bai san komai ba, ya so ya ce tsoro ne kawai ya ji. Amma shi ya riƙe agogo duk kwanakin nan, kuma shi ya zuba sifilan. Ya kama hannun keken ya tura. Barandar ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. A bakin mota Uwargida ta dubi fuskar wannan ta dubi ta wancan, ta buɗe ƙofa. Su biyu suka ciccibi Sakata suka zaunar. Jadawali ya ja masa bel ya ɗaure, Sakata na kallon gilashin gaba.

Takardar ritaya ta fito. Jadawali ya je gidan, Uwargida ta ce yana barci. Ya sake komawa, ta ce yana barci, alhali ana jiyo rediyo daga falo. Ta ba shi labari cewa Sakata ya daina matsa ƙwallon, mai gashin ƙashi ya zo ya koma haka nan. Ba ta ce laifin wani ne ba. Jadawali ya fi so a ce ta faɗa. 'Ya'yan Sakata suka zo ofis da kwalaye suka kwashe tarkacen teburin, ya tsaya yana nuna musu abin da ake ɗauka da abin da ake bari, a nan ya gane ashe ya san wurin kowace takarda.

Sai da zango ya kusa ƙarewa Uwargida ta kira shi a waya. "Ya ce ka zo da kwamfutarka. Ya ce kuma in faɗa maka ka cire tausayinka ka bar shi a bakin ƙofa tare da takalmi."

Ya tarar da shi ya rame, rigar gida ta yi masa yawa. Jadawali ya tsaya a tsakiyar falo, ya nemi abin faɗa, ya ce, "Kana nan da rai ashe."

Gefen bakin da ke motsi ya ɗan motsa. Sakata ya nuna kujera. Sannan ya ce, "Ka rufe?"

Jadawali ya gane. Duk wanda ya bar aiki ana rufe masa izinin shiga rumbu, aikin mai kula da darasi ne, mai kula da darasi kuwa yanzu shi ne. Shugaba ta tuna masa, ya ce zai yi. Kullum sai ya buɗe wurin ya ga sunan, ya rufe ya tafi shan shayi.

"Ba na samun lokaci ne. Ka san jarrabawa ta matso."

"Yanzu."

"Me sunanka ya tsare wa mutane a can? Ba ya ci, ba ya sha."

"Ƙofa... a buɗe... ba mai ita. Yanzu."

Jadawali ya buɗe kwamfutar, ya shiga rumbun sashe, ya juya fuskar yadda Sakata zai gani. Ya rubuta umarnin. Sakata ya karanta shi a hankali har ƙarshe, ya nuna inda aka manta alamar rufewa. Jadawali ya sa. Ya danna. Rumbu ya amsa nan take cewa an yi, ko ɗan jinkirin kara bai yi ba.

Uwargida ta kawo shayi ta ajiye ta fita. Suka zauna, ba mai sha.

"Gobe... me?"

"Farfaɗo da rumbu bayan ya faɗi. Na karanta sau ba adadi, kamar ina cin auduga. Yaran nan za su cinye ni ɗanye."

Sakata ya yi tsaki, ya miƙo hannun hagu ya jawo kwamfutar cinyarsa. Jadawali ya buɗe masa farin shafi. Sakata ya fara rubuta yadda ake fara darasin: wane misali ake kawowa, wace tambaya ake jefa wa aji kafin a ba su amsa. Jadawali ya matso da kujera yana bin haruffan, yana gyaɗa kai, a karo na farko abin ya soma shiga. Layi na farko ya cika, na biyu ya cika. A tsakiyar na uku sai harafi ɗaya ya fara gudu shi kaɗai, ya cika layin, ya gangara na ƙasa. Jadawali ya ɗago. Kan Sakata ya langaɓe a kafaɗa, barci ya ɗauke shi, yatsan na kan maɓalli.

"Haka yake yi yanzu," in ji Uwargida daga bakin ƙofa. "Ka bar shi, Malam. Ba zai tashi da wuri ba."

Jadawali ya ɗaga yatsan a hankali ya ɗora masa a cinya. Ya goge harafin da ya zuba, ya tsaya daidai inda maganar ta yanke, ya karanta ta, ya sake karantawa ko zai hango inda ta dosa. Bai hango ba. Ya adana abin da ya samu, ya rufe kwamfutar, ya je bakin ƙofa yana laluben takalminsa da ƙafa.